Ruwan Da Bai Ga Wuta Ba

Ƙannenmu da ke zuwa karatu Kuala Lumpur sukan tare ni a shagon shayin Indiyawa Musulmi, waɗanda ake ce wa mamak, da ke ƙasan benayen Danau Kota, su ce in koya musu aikin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a lokacin hutu. A ganinsu sana'ar ba ta wuce huda bango da rataya inji da ɗaure bututu biyu ba. Wani ma ya ce mini ya riga ya kalli yadda ake yi a waya, saura ya sami mai ara masa tsani. Ba na tsawaita musu magana a can, domin wurin hira ne. Na ga ya fi dacewa in rubuta abin da na sani, wanda ya karanta kuma yana son aikin, ya zo mu yi magana.

Sunana Mansur. Injiniyancin injuna na karanta a nan garin. A shekarata ta ƙarshe aka tura ni koyon aiki wani ƙaramin kamfani a Sentul, na wani dattijo Basine da kowa ke kira Ankul Wong. Da na kammala karatu ya nema mini takardar izinin aiki, na ci gaba da zama a ƙarƙashinsa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne zuƙe iska daga bututun wani esi da muka ɗaura a wani shagon ɗinki. Na haɗa tiyo, na kunna injin zuƙa, allurar ma'auni ta sauka, na kai hannu zan kashe. Ya riƙe mini hannu, ya ce in zauna. Muka zauna a kan akwatin kayan aiki muna kallon allura har shayinsa ya huce. Ya ce allurar da ta sauka ba ta faɗi komai ba, wadda ta sauka ta ƙi tashi ita ce shaida. Idan akwai yoyo komai ƙanƙantarsa, za ta ɗago a hankali, wanda ya yi gaggawa kuwa ba zai gani ba. Daga wannan rana na fara sanin kayan aikin ɗaya bayan ɗaya: ma'auni mai fuska biyu, ja da shuɗi, abin buɗa bakin bututun jan ƙarfe, sifana mai ƙara idan ɗauri ya kai, da kwalbar ruwan sabulu da ake shafa wa mahaɗa a ga ko za ta yi kumfa. Kwalbar nan ita ce mafi araha a cikin akwatin, ita kuma Ankul ya fi yi mini faɗa idan na manta.

Mutanen gida sukan yi dariya idan na ce har da aikin ɗumama muna yi, a ƙasar da ba ta san sanyi ba. Ba su san yawan ruwan zafin da garin nan ke buƙata ba, a masaukan baƙi, da gidajen wanki, da gidajen kula da tsofaffi. Duk wanda ke son ruwan zafi mai yawa, zaɓi biyu ne a gabansa. Na farko hita mai ƙona gas, wadda ke da harshen wuta a cikinta. Tana da sauri, tana kuma ba da zafi mai tsanani, amma tana cin iskar ɗaki tana fitar da wata, don haka dole a yi mata hanyar shaƙa da hanyar fitarwa. Na biyu na'urar janyo zafi, wadda masu sana'a ke kira hit-fom. A wani masauki a Brickfields na fara ganin cikinta. Esi ce aka juya mata aiki: tana kwasar zafin da ke cikin iska ta zuba shi a tankin ruwa, ta huro sanyi waje. Ba ta da wuta, ba ta da hayaƙi. Aibinta biyu ne. Ba ta da hanzari, kuma ba ta kai ruwa ga tafasa, takan tsaya a wajen digiri sittin.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ce mafi muni da na gani a wannan aiki. Mutane suna zaune a gida, ba a barin mai gyara ya shiga sai da dalili mai ƙarfi, sai kowa ya koma sayen kaya ta waya yana ɗaurawa da kansa. Da aka fara sassautawa, masu kula da wani bene a Sentul suka kira mu mu cire wata hitar gas. Wani magidanci ne ya ɗaura ta a banɗakin da ba shi da taga. An fitar da shi a sume, kuma har yau ban san ko ya tashi ba, domin ba a gaya mana ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na shiga banɗakin ina tsammanin zan ga baƙin hayaƙi a bango. Ban ga komai ba. Tayil fari tas, sabulu yana wurinsa, tawul a rataye, ba wari ko kaɗan. Ankul ya ciro wata ƙaramar na'ura mai launin rawaya, mai gano gubar iskar da wuta ke fitarwa, ba ta kai tafin hannu ba, ya ajiye a kan murfin masai. Ya kunna hitar, ya sakar mata ruwa, muka fito ya ja ƙofa. Muna tsaye a falo, duk tagogi a buɗe, sai muka ji na'urar ta fara kuka daga ciki, siririn kuka kamar na ɗan tsako. Ya riƙe numfashi ya shiga ya kashe, ya fito ya bar ƙofar a wangale.

"Ka ji wari?" ya tambaye ni.

Na ce ban ji ba.

"Shi ma bai ji ba. Barci kawai ya ji."

A ranar ya saya mini tawa. Shi yana kiranta ayam, wato kaza da Malayanci. Na maƙala ta a igiyar jakata, kuma tun daga lokacin ban ƙara shiga gidan kowa babu ita ba.

Aikin da nake son ƙannena su ji labarinsa ya zo ne bayan an buɗe iyakoki. Malam Habibu ɗalibin digiri na uku ne, mutumin Kano, yana zaune da matarsa Rukayya a wani bene mai tsawo a Danau Kota. Tun bai kammala ba muke ce masa Dakta. Ya same ni bayan sallar Juma'a ya ce matarsa ta kusa haihuwar fari, kuma ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Asabe, za ta zo daga gida ta yi mata wankan jego. Ƙaramar hitar lantarki da ke jikin shawa ba za ta iya ba. Ana son ruwan zafi bokiti-bokiti, safe da yamma, har a yi arba'in.

Muka je da Ankul muka duba gidan. Banɗakin ɗakin kwana ba shi da taga, sai ƙaramar fanka da ke hura iska cikin silin. Kicin ƙarami ne. Ban da barandar falo da ke nesa da banɗakin, wuri ɗaya ne ke kallon waje, ɗan lungun shanya da ke bayan kicin, kuma tagar ɗakin kwana a cikinsa take buɗewa. Na bayyana wa Dakta zaɓin biyu. Hitar gas ba ta da inda za ta zauna lafiya a wannan gida, domin ko a lungun aka sa ta, abin da take fitarwa tagar ɗakin kwana zai nufa. Na'urar janyo zafi kuwa za ta zauna a lungun ba tare da haɗari ba, sai dai za ta riƙa huro sanyi, don haka sai an yi mata bututun da zai kai sanyin waje. Dakta ya amince. Da na fassara wa Ankul dalilin aikin, ya gyaɗa kai ya ce su ma suna da irinsa, mahaifiyarsa da ruwan citta ta yi wa matarsa wanka wata guda. Muka ɗaura na'urar da tankinta. Bututun fitar da sanyi ne bai iso ba, mai kawo mana kaya ya ce sai wani mako.

Rukayya ta haifi ɗa namiji, Gwaggo ta iso. Ranar da suka dawo daga asibiti Dakta ya kira ni in nuna wa Gwaggo yadda ake tara ruwan. Gwaggo Asabe doguwar dattijuwa ce mai kaifin ido, ta ce ba ta san adadin matan da ta yi wa wanka ba. Ta riga ta sa Dakta ya kai ta Brickfields ta samo ganyen darbejiya a wurin Indiyawa masu sayar da furanni. Na cika mata bokiti, tururi yana tashi. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta, ta bar ta a ciki tana kallona.

"Kai ne Injiniyan?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To Injiniya, wannan ruwan alwala ka kawo mini. Ina na wanka?"

Na ce mata wannan zafin ma yana iya ƙona fata idan ba a sirka ba.

"Ni za ka gaya wa sirki? Ina wutar da ta dafa shi?"

Na kai ta lungun na nuna mata na'urar, na yi mata bayanin yadda take janyo zafi daga iska. Ta sa hannu a gaban fankar, sanyi ya buge ta, ta janye.

"Abin da ke hura sanyi shi zai dafa mini ruwa? Ɗan nan, ruwan da bai ga wuta ba ɗanye ne. Kuma ka dubi inda ya dosa. Tagar maijego ce wannan."

Na ce bututun da zai kawar da sanyin yana hanya, kafin ya iso a riƙa kunna na'urar kafin wanka kawai, a kashe bayansa.

Washegari Dakta ya kira ni, muryarsa a gajiye. Ya ce Gwaggo ta hana shi sakat, ta ce a wani gidan ɗan'uwansu a Kaduna akwai hitar gas a banɗaki kuma ba abin da ya faru. Ya ce, "Injiniya, don Allah a sa mata ta gas ɗin a huta. Wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, in ya so a cire."

Na ce, "Dakta, wataƙila banɗakin Kaduna yana da taga. Naka ba shi da ita. Ba zan ɗaura ba, Ankul ma ba zai ɗaura ba."

"In na sami wani fa?"

"Za ka samu. Akwai masu cewa boleh, wato zai yiwu, ga kowane aiki. Ina roƙonka kada ka nema."

Ya ce ya ji. Ya kuma cika alkawari, bai nemi kowa ba. Aka daidaita a kan cewa Gwaggo za ta riƙa ɗibar ruwan tanki ta ƙarasa tafasa shi a babbar tukunya a kicin, taga a buɗe. A 'yan kwanakin nan duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na duba ko daga gidan ne, domin na san yadda ake samun masu ɗaura hita a garin nan cikin sauƙi. Hankalina gaba ɗaya yana kan banɗakin. Ban kawo komai a raina game da ɗakin kwana ba.

Bututun ya iso ranar wata Talata. Bayan azahar muka isa benen, ana ruwan sama. Ankul ya ce zai jira a mota, domin a al'adarsu baƙon namiji ba ya shiga gidan maijego sai dole. Dakta yana makaranta, amma ya gaya wa Gwaggo ina tafe. Na hau da bututun a kafaɗa, jaka a baya.

Gwaggo ta daɗe kafin ta buɗe. Ta ɗaure goshinta da kallabi tamau, idanunta sun yi ja. Na gaishe ta, na tambayi maijego da jariri.

"Lafiya lau, barci suke ta yi tun hantsi. Yaron nan yau ko kuka bai yi ba, Allah ya yi masa albarka. Ni ce dai kaina ke sarawa. Ruwan garinku bai karɓe ni ba."

Gidan yana ƙamshin turaren wuta. Ƙofar gilashi ta baranda a rufe saboda ruwan sama. Na nufi kicin, hanyar kuwa ta gaban ɗakin kwana take bi. Na lura an cusa tawul a ƙarƙashin ƙofar. Ina daidai wurin sai na'urar da ke jakata ta fara kuka.

Tun banɗakin nan na Sentul ban ƙara jin wannan kuka ba. Bututun ya zame daga kafaɗata ya faɗi.

"Gwaggo, mene ne a cikin ɗakin nan?"

"Me zai kasance? Maijego ce da ɗanta. Kashe wannan abin, zai tashe su."

"Akwai wuta a ciki?"

"Ɗan garwashi ne a kasko. Injinka ya cika ɗaki da sanyi, na rufe tagar na toshe ta. Habibu ya sayo mini gawayin turare a kanti, na ƙara da shi. Ba hayaƙi, sai da ya ruru a kicin na shigar da shi."

Na je na ture ƙofar baranda har ƙarshe, ruwa ya fara fesowa kan kafet. Na buɗe ƙofar gida na tokare ta da takalmi. Na dawo na ce, "Gwaggo, ki buɗe ɗakin nan ki fito da su yanzu."

Ta tsaya a gaban ƙofar. "Ka buɗe mini gida ana ruwa, kuma in fito da ɗanyen jiki cikin iska? Iska ta shige ta, kai za ka yi jinya?"

"Ciwon kan da kike ji daga ɗakin nan yake. Barcin da suke yi ba barci ba ne. Ki kira sunanta. In ta amsa miki da ƙarfi, zan fita in ba ki haƙuri."

Ta dube ni, ta dubi abin da ke kuka a jakata. Ta juya ta buga ƙofar. "Rukayya. Ke Rukayya." Ba amsa. Ta ƙara bugawa, ta kira ta da wani suna na gida da ban taɓa ji ba. Sai muka ji wani ɗan nishi.

Gwaggo ta murɗa ƙofar da kanta. Zafi ya fito kamar an buɗe tanda. Ban taɓa shiga ɗakin matar wani tana ciki ba, ta kuwa san haka, domin mayafi ta fara jefa wa Rukayya sannan ta ce, "Shigo, ɗan nan, shigo." Na riƙe numfashi kamar yadda na ga Ankul ya yi. Kaskon yana ƙasa kusa da gado, garwashin ja, toka ta rufe samansa, ba ko ɗigon hayaƙi. Na fizge zanen da aka toshe taga da shi na buɗe ta. Gwaggo ta sunkuci jaririn ta fita. Rukayya ta buɗe ido amma ta kasa ɗaga kai, ta ce mini in bar ta ta ɗan ƙara kwanciya. Gwaggo ta ajiye yaron a kujera kusa da baranda ta dawo, muka kama Rukayya tare, ƙafafunta suna jan ƙasa, muka kai ta bakin ƙofar gilashi inda ruwa ke fesowa. Nan ta yi amai.

Jaririn bai yi motsi ba. Gwaggo ta kwance masa zane, tana murza tafin ƙafarsa da babban yatsa, tana karanta abin da ta sani. Na kira Ankul na ce ya kawo mota bakin ƙofa, kalma ɗaya na ƙara masa, ayam. Bai tambaye ni komai ba. Na kira Dakta na gaya masa asibitin da za mu. Na koma na ɗauko kaskon da tsumma, na kai lungun shanya na juye masa ruwa. Ina cikin haka na ji yaron ya yi wani ɗan ƙaramin kuka, ya tsaya, ya sake yi.

A cikin motar aiki muka kai su, tsakanin tsani da tulunan iskar esi, Ankul yana tuƙi yana danna ham. A asibiti aka sa wa su ukun abin shaƙar iska, har da Gwaggo, wadda ta yi ta cire nata tana tambayar yaron. Likitar da ta karɓe su ta tambaye ni abin da na'urar jakata ta nuna, na gaya mata, ta rubuta. Dakta ya iso a jiƙe, ya zauna kusa da ni a benci, ya ce shi da hannunsa ya sayo gawayin. Na ce masa duk wanda aka aika sayen gawayin turare zai sayo. An riƙe uwa da ɗa 'yan kwanaki, aka sallame su lafiya.

Ranar da suka koma gida na je na ɗaura bututun. Sanyin ya koma fita waje, aka buɗe tagar. Ɗumin ɗaki kuwa a garin nan ba ya buƙatar komai, kashe esin falo kawai aka yi. Gwaggo ta ci gaba da wankanta da ruwan tanki da na tukunya har aka yi arba'in.

Ana gobe za ta koma Kano ta sa aka kira ni. Na same ta a falo tana ɗaure kaya. Ta ce in zauna, ta miƙo mini kofin kunun kanwa.

"Injiniya, ɗan tsakon nan naka, sai a bene yake kuka, ko har a ɗakin ƙasa?"

Na ce ko'ina yana yi, in dai akwai garwashi kuma iska ba ta shiga.

Ta ɗan jima tana gyara bakin wata jaka da ba ta buƙatar gyara.

"A gida wutar wanka a tsakar gida muke hura ta, iska ta kwashe. Amma lokacin sanyi mukan shigar da kasko. Da ɗakunan suna da kafofi, yanzu kowa ya sa silin da tagar gilashi." Ta ajiye jakar. "Akwai wata yarinya a unguwarmu, ni na yi mata wanka. Lafiyarta ƙalau. Ta kwanta da rana ita da ɗiyarta, ba su tashi ba. Muka ce jego ne ya zo da ajali. Ni na toshe musu tagar."

Ban san abin da ya faru a wancan ɗaki ba, kuma ba ni da hanyar sani. Na kwance na'urar daga igiyar jakata, na nuna mata inda ake danna a gwada ta, da yadda ake canza batir, na ce kada a sa ta a aljihu ko cikin jaka, a ajiye ta a fili kusa da mai barci. Ta sa na maimaita. Sannan ta naɗe ta a gefen zaninta ta ƙulle, inda dattijai ke ƙulle abin da ba sa son ya ɓata.

Washegari muna da aiki a wani gida a Setapak, wankin esi ne kawai, ba gas ba garwashi. Da muka isa bakin ƙofa na taɓa igiyar jakata na ji wayam. Na ce wa Ankul ba zan shiga ba. Ya dubi igiyar, ya mayar da tsanin cikin mota, muka tafi sayen wata.